Ginshiƙan Balin 2,711: Tunawa da Yahudawan da Aka Kashe, ko Wanke Fuskar Jamus?

Barista:

Assalamu alaikum. Zan ajiye wata magana a gaban 'yan'uwa, na kuma san ba kowa zai yarda da ita ba. Dandalin da Jamus ta gina a tsakiyar Balin domin tunawa da Yahudawan Turai da gwamnatin Hitila ta hallaka bai yi aikin da aka gina shi dominsa ba. Ga wanda bai san wurin ba, fili ne mai faɗin murabba'in mita 19,000 a kusa da Ƙofar Brandenburg, an jera ginshiƙan kankare masu ruwan toka guda 2,711 a cikinsa, aka kuma buɗe shi a watan Mayu na 2005, shekara 60 bayan ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. A jikin ginshiƙan nan babu suna, babu shekara, babu wata alama da ke nuna su wane ne mamatan ko daga ina aka kwaso su. Mutum zai shiga ta wannan gefe ya fita ta wancan ba tare da ya san mutum miliyan 6 ake nufi ba, balle ya san wanda ya kashe su.

Ba ni na fara wannan ƙorafi ba. A wurin bikin buɗewar, Paul Spiegel, wanda shi ne shugaban majalisar ƙoli ta Yahudawan Jamus a lokacin, ya nuna cewa dandalin ya yi shiru kan masu laifin, ya kuma kauce wa tambayar dalilin da ya sa aka yi kisan. Abin da ya biyo baya ya gaskata shi. Yara suna tsalle daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, masu yawon buɗe ido suna hawa suna ɗaukar kansu hoto suna dariya, har a 2017 wani marubuci haifaffen Isra'ila mazaunin Balin, Shahak Shapira, ya ɗauki 12 daga irin hotunan nan ya haɗa su da hotunan gawawwakin sansanonin gwale-gwale domin masu su su ji kunya. An kashe sama da Yuro miliyan 27, kuma abin da aka samu shi ne wurin da Jamus za ta kai baƙi ta ce ga shi ta tuba.

Injiniya:

Wa alaikumus salam. Barista, kai lauya ne, ka saba da hujjar da aka rubuta aka sa wa hannu, amma gini da jikin mutum yake magana kafin ya yi da idonsa. Duk ginshiƙan tsawonsu a kwance ɗaya ne, mita 2.38, faɗinsu santimita 95. Tsayinsu zuwa sama ne ya bambanta. A bakin filin wasu kusan daidai suke da ƙasa, amma da mutum ya ƙara shiga sai ƙasar ta riƙa gangarawa, ginshiƙan suna tashi, har su kai mita 4.7 a tsakiya, kuma da yawansu an ɗan karkata su da gangan. Hanyar da ke tsakaninsu ita ma santimita 95 ce, ba ta ɗaukar mutum biyu a jere. Iyalin da suka shiga tare dole su rabu, ƙarar motoci ta ragu, wanda ke gabanka ya karya kwana ya ɓace maka, alhali komai a tsare yake a kan layi ba tare da kuskure ba. Abin da mai zanen, Peter Eisenman, Bayahude ɗan Amurka, ya nema ke nan: tsari mai kyau a ido wanda babu mutum a lissafinsa.

Kuma ba daidai ba ne a ce babu suna a wurin. A ƙarƙashin filin akwai cibiyar bayani, shiga kyauta ce. Akwai tarihin abin da ya faru daga 1933 zuwa 1945, akwai ɗakin da aka nuna wasiƙu da rubuce-rubucen da mutane suka bari kafin a kashe su, akwai ɗakin iyalai 15 daga sassan Turai daban-daban da hotunansu na biki da na kasuwa kafin masifa ta afka musu, akwai kuma ɗakin da ake karanta sunan mutum ɗaya bayan ɗaya da taƙaitaccen tarihinsa. Masu kula da wurin sun lissafa cewa da za a karanta kowa da kowa ta haka, sai an shafe fiye da shekara 6 da rabi ba a tsaya ba.

Batun rubuta sunaye a sarari kuwa, an gwada. A gasar zane ta farko, wadda aka shigar da zane 528, ɗaya daga waɗanda suka yi nasara shi ne na rukunin Christine Jackob-Marks: katafaren faifan kankare mai mita 100 a kowane gefe, wanda za a sassaƙa sunayen mamatan a kansa. Shugaban gwamnati Helmut Kohl ya ƙi shi a 1995. Ko da bai ƙi ba, matsalar tana nan, domin an shafe garuruwa sukutum a gabashin Turai ba a bar ko mutum ɗaya da zai faɗi sunan maƙwabcinsa ba, kuma Yad Vashem, cibiyar tunawa da kisan Yahudawa da ke Ƙudus, har yanzu tattara sunaye take yi. Duk faifan da aka sassaƙa zai bar mutane masu ɗimbin yawa a waje.

Barista:

Injiniya, ka ƙarfafa mini hujja ne. Cibiyar da kake yabo ba ta cikin zanen farko na Eisenman da abokin aikinsa Richard Serra, wanda ya janye a 1998. Michael Naumann, ministan al'adu a gwamnatin Gerhard Schröder, shi ya matsa sai an haɗa da wurin bayani. Ashe su kansu 'yan siyasar sun gane cewa kankaren kaɗai ba zai koyar da kowa komai ba. Sannan dubi yadda aka raba aikin. Filin a buɗe yake dare da rana ta kowace kusurwa, ita kuwa cibiyar an binne ta a ƙasa, tana da lokacin buɗewa da na rufewa, ana bin layi, ana binciken jaka, ranar Litinin ma a kulle take. Abin da ba ya cewa komai shi aka baje a sarari, abin da ke faɗin gaskiya kuwa sai wanda ya neme shi.

Malama:

Barista da Injiniya, kun tsaya a kan siffar ginin, ni kuwa ina ganin tambayar da ta fi nauyi ita ce wa ya gina shi, kuma a ina. Yad Vashem, wadda aka kafa a 1953, 'yan'uwan mamatan ne suka gina ta. Gidan tarihin kisan Yahudawa da aka buɗe a Washington a 1993 ƙasar da ta yaƙi Hitila ce ta gina shi. Na Kigali, inda aka binne mutum kimanin 250,000 da aka kashe a Ruwanda a 1994, yana hannun gwamnatin da ta kawo ƙarshen kisan. Na Balin ya sha bamban da su duka, domin 'ya'ya da jikokin waɗanda suka yi kisan ne suka gina shi, da kuɗin baitulmalinsu, a fili mai tsada a babban birninsu. Mai laifi ba shi da hurumin zaman makoki kamar dangin mamaci. Abin da ya rage masa shi ne ya amsa laifinsa a inda kowa zai gani.

Kuma ba gwamnati ce ta fara maganar ba. Wata 'yar jarida, Lea Rosh, da wani masanin tarihi, Eberhard Jäckel, su suka taso da ita a 1988, tun Katangar Balin tana tsaye, aka shafe shekara 17 ana kai ruwa rana kafin a buɗe wurin. A 1998 marubuci Martin Walser ya tsaya a Frankfurt yana karɓar lambar yabo, ya kira shirin mafarki mai ban tsoro mai girman filin ƙwallo, ya kuma yi kukan cewa an mai da Auschwitz, sansanin da aka fi kashe Yahudawa a cikinsa, kulkin da ake dukan Jamusawa da shi, har Ignatz Bubis, shugaban Yahudawan Jamus na lokacin, ya zarge shi da cinna wuta a zukatan mutane. A ranar 25 ga Yuni 1999, majalisar dokokin tarayya ta kaɗa ƙuri'a ta amince, ana gab da kwashe kayanta daga Bonn, babban birnin tsohuwar Jamus ta Yamma, zuwa Balin. Ma'anar wannan ita ce ƙasar da ta sake haɗewa ta yanke cewa ba za ta koma tsohon birnin mulkinta ba sai da wannan shaida a ƙofar gida.

Dalilin wurin yana cikin alƙaluman kisan. Yahudawan Jamus a 1933 kimanin 500,000 ne, ba su kai ɗaya cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba, kuma waɗanda aka kashe daga cikinsu kimanin 165,000 ne. Daga cikin miliyan 6 da aka kashe a Turai kuwa, kusan miliyan 3 'yan Poland ne. A Babi Yar, bayan garin Kiev, an harbe mutum 33,771 cikin kwana biyu a watan Satumba na 1941. Daga Hungary an tura fiye da 430,000 cikin jiragen ƙasa, mafi yawansu zuwa Auschwitz, a 'yan makonni na 1944. Ramukan da ɗakunan iskar gubar suna can gabas, amma ofisoshin da aka tsara aikin suna Balin. Fadar Hitila da ramin da ya mutu a ciki 'yan mitoci ɗaruruwa ne daga dandalin, ramin ɓuya na Goebbels, ministan farfagandar Hitila, yana ƙarƙashin wata kusurwa ta filin kansa, taron da manyan jami'ai suka yi kan tsarin kisan ranar 20 ga Janairu 1942 kuwa a Wannsee aka yi shi, a gefen birnin. Da wurin wankin fuska ne kawai, da Björn Höcke na jam'iyyar AfD mai tsattsauran ra'ayin kishin ƙasa bai tsaya a Dresden a 2017 yana kukan cewa Jamusawa ne kaɗai al'ummar da ta dasa wa kanta alamar abin kunya a tsakiyar babban birninta ba. Wurin yana yi masa ciwo, kuma wannan ciwon shaida ce.

Ɗan Garwa:

Malama, Allah ya ƙara basira, na ji bayaninki, amma ki bar ni in yi magana a matsayin wanda kakanninsa suka ga mulkin Jamus a Kamaru. Idan mutum ya bar ginshiƙan nan ya yi tafiyar 'yan mintoci zuwa titin Wilhelm, zai iske inda Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, ya tara ƙasashen Turai daga 1884 zuwa 1885 suka shimfiɗa ƙa'idojin mamaye Afirka. Abin da ke wurin allo ne guda ɗaya na bayani. Tsakanin 1904 da 1908 sojojin Jamus, waɗanda Lothar von Trotha ya jagoranta a farkon yaƙin, sun hallaka dubun-dubatar Herero da Nama a ƙasar da ake kira Namibiya a yau, sun kora su cikin hamada, sun tsare sauran a sansanoni. Sai a 2021 gwamnatin Jamus ta amince a hukumance cewa abin kisan ƙare dangi ne, ta yi tayin Yuro biliyan 1.1 a tsawon shekara 30, kuma da yawa daga shugabannin ƙabilun biyu sun ƙi yarjejeniyar domin ba a zauna da su ba. A Duwala an rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell a 1914 saboda ya ƙi a ƙwace ƙasar mutanensa.

Ba ina cewa a rage wa Yahudawa ko ginshiƙi ɗaya ba, domin abin da aka yi musu ya wuce misali. Ina cewa ƙasar da ta iya ba wasu mamatanta murabba'in mita 19,000, wasu kuma allo guda, ta zaɓi laifin da za ta tuna ne, kuma a nan nake tare da Yaya Barista.

Malama:

Ɗan'uwa, gaskiyarka a kan Namibiya, kuma wannan ƙorafin na fifita wasu mamata a kan wasu ya taso tun kafin a aza tubali. Masanin tarihi Reinhart Koselleck ya yi gargaɗin cewa ware Yahudawa su kaɗai zai jawo a jera waɗanda aka zalunta hawa-hawa, shi kuma Romani Rose, jagoran al'ummar Sinti da Roma, wasu tsirarun ƙabilun Turai da su ma gwamnatin Hitila ta hallaka, ya nemi a yi musu dandali guda tare, ba a amsa masa ba. Nasu dandalin sai a 2012 aka buɗe shi kusa da ginin majalisa, na naƙasassu da masu taɓin hankali da aka kashe kuma sai a 2014. Fursunonin yaƙi na Tarayyar Sobiyet, waɗanda kimanin miliyan 3 daga cikinsu suka mutu a hannun Jamus, ba su da kwatankwacin wannan fili. Sai dai ka lura da jerin shekarun: duk bayan ƙuri'ar 1999 suka zo, kuma a wannan ƙuri'ar majalisa ta ɗauki alkawarin girmama sauran waɗanda mulkin Nazi, wato na Hitila, ya zalunta. A 2022 an sauya sunan wani dandali a unguwar Wedding ta Balin zuwa na Manga Bell. Abu ne ƙarami, amma masu fafutikar da suka tilasta shi da ma'aunin da Jamus ta kafa wa kanta suka kama ta.

Dakta:

Ni ina kusa da Barista, amma ta wata hanya. Abin da ya fi koya wa mutane tarihi a dandalin nan wani rikici ne da ba a shirya shi ba. An fara gini a watan Afrilu na 2003, a watan Oktoba aka dakatar, saboda an gano cewa maganin da za a shafa wa ginshiƙan don kada fentin masu ɓarna ya kama su na kamfanin Degussa ne. Wannan kamfani yana da babban kaso a Degesch, mai rarraba gubar Zyklon B da aka yi amfani da ita a ɗakunan kisa, ya kuma narka zinariyar da aka ƙwace daga Yahudawa. Ana cikin gardama sai aka gano cewa an riga an zuba wani sinadarin reshen kamfanin a cikin kankaren harsashin ginin. A watan Nuwamba aka yanke a ci gaba da shi, duk da ƙin amincewar wasu wakilan Yahudawa. A makonnin nan Bajamushe mai karanta jarida ya fahimci cewa kisan ba aikin wasu 'yan tsiraru masu kaki ba ne. Akwai kamfani, akwai akawu, akwai mai hannun jari, akwai hukumar jirgin ƙasa da ke karɓar kuɗin tikiti. Mai tafiya a filin yau ba zai ga ko ɗaya daga wannan ba.

Shi ya sa na fi ganin amfanin aikin wani mai fasaha Bajamushe, Gunter Demnig. Ƙananan duwatsu ne masu fuskar tagulla, santimita 10 a kowane gefe, ana dasa su a dandamalin titi a ƙofar gidan da mutum ya zauna na ƙarshe da son ransa, a rubuta sunansa, shekarar haihuwarsa, ranar da aka tafi da shi da inda aka kashe shi. A 2023 aka dasa na 100,000, kuma sun bazu a ƙasashen Turai da yawa. Mai gidan na yanzu kullum sai ya wuce ta kan sunan, dole wata rana ya tambayi kansa yadda gidan ya fita daga hannun wancan. Ban da haka, ginshiƙan Balin ba su daɗe da buɗewa ba suka fara tsagewa, har mafi yawansu suka tsage, aka ɗaure wasu da ƙarfe.

Hajiya:

'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka, kun ilmantar da ni. Dakta, duwatsun da kake yabo su ma ba kowa ya karɓe su ba. Charlotte Knobloch, shugabar Yahudawan Munich, wadda ita kanta ɓoye ta aka yi tana yarinya ta tsira, ta ƙi su, domin a ganinta bai dace a sa sunan wanda aka wulaƙanta a ƙasa ana taka shi da takalmi ba, kuma birnin ya hana dasa su a filayen hukuma. Idan wadda abin ya shafa ta ce a'a, ba ni da bakin cewa ta yi kuskure.

Barista kuma, rashin suna bai dame ni kamar yadda ya dame ka ba. Maƙabartunmu na da babu allo, babu rubutu, sai tudun ƙasa da guntun tukunya ko itace, amma babu wanda ya taɓa shiga ya ɗauka kasuwa ce. Abin da ke sa mutum ya nutsu a wuri shi ne abin da aka koya masa a gida da makaranta. Idan yaro ya hau ginshiƙi yana tsalle, ni iyayensa da malamansa zan tambaya kafin in tambayi magini.

Barista:

Ranki ya daɗe, mai shiga maƙabartar garinsu ya san wanda ke kwance, domin shi ya raka shi. A filin Balin ba a binne kowa ba, kuma mafi yawan masu zuwa an haife su ne bayan duk abin ya wuce, wasu ma daga wata nahiya suke. Waɗanda suka tsira suna ƙarewa, nan da 'yan shekaru babu mai cewa ni na gani da idona. Ginin da ya dogara da abin da mutum ya riga ya sani zai riƙa rasa ma'ana gwargwadon yadda masu sanin ke raguwa.

Ɗalibi:

Malamaina, a gafarce ni, zan tambayi abin da na san yana zukatan da yawa daga masu karatu. Idan aka ambaci wannan dandali, Gaza ce ke faɗo mana a rai. A 2008 Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, ta faɗa a majalisar Isra'ila cewa tsaron ƙasar yana cikin ginshiƙan manufar Jamus, kuma muna ganin yadda Jamus ke tsayawa a rikicin Falasɗinu. Shin wannan dandali ba shi ne ake jingina da shi a kare wannan siyasa ba?

Malama:

Ƙanena, tambayarka tana da wuri, kuma a Jamus ɗin ma ana yin ta, har da Yahudawa a cikin masu yi. Kana da damar sukar manufar Jamus a Gabas ta Tsakiya iyakar ƙarfinka. Amma mutanen da ake tunawa a filin nan an gama kashe su a 1945, ƙasar Isra'ila kuwa a 1948 aka kafa ta. Cikinsu akwai yara kimanin miliyan 1.5, akwai teloli da masu gyaran takalma na ƙauyukan Poland da Lithuania, akwai ma'aikatan tashar jiragen ruwa na Salonika a Girka, ba su zaɓi wata gwamnati ba, ba su harbi kowa ba. Addininmu ya koya mana cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Idan 'yan siyasa suka yi amfani da mamaci, 'yan siyasar za a tuhuma. Kuma mu yi hattara, domin akwai masu fakewa da wannan fushi su ce kisan ma bai faru ba, alhali takardun Jamusawan kansu, da jadawalin jiragensu, da shari'ar da aka yi wa manyan jami'an Nazi a Nuremberg sun tabbatar da shi.

Injiniya:

Dakta, a kan tsagewar ba zan yi gardama ba, aibi ne na aiki, kuma har gaban kotu batun ya je don a gano mai alhaki. A kan Degussa kuwa ina ganin hukuncin ci gaba ya yi daidai, domin da za a cire duk kamfanin da ya ci moriyar mulkin Nazi, da wuya a sami mai ginin a Jamus, kuma kamfanin yana cikin waɗanda suka sa kuɗi a asusun biyan diyya ga mutanen da aka sa aikin tilas. Batun yara, Eisenman tun farko bai so a yi shinge ko a cika wurin da dokoki ba. Ya san za a zauna a kan ginshiƙan a ci abinci, za a yi wasan ɓuya. Yanzu akwai ƙa'idoji a rubuce da masu gadi da ke hana tsalle da hayaniya, amma ba a killace filin ba, kuma a ganina gara haka. Wurin da aka kewaye da katanga sai mai niyya ke shigarsa. Wannan kuwa ɗan majalisa da jakada da direban bas duk sai sun gan shi a hanyarsu ta zuwa aiki.

Barista:

Na karɓi maganar Malama cewa zaɓen wurin amsa laifi ne, ban karɓi cewa ya wadatar ba. A kotu, wanda ya ce "an yi ɓarna, na ji takaici" bai amsa tuhuma ba sai ya faɗi abin da ya yi da yadda ya yi shi. Wurin da ya faɗi haka a Balin shi ne tsohon mazaunin hedikwatar Gestapo, 'yan sandan asirin Hitila, da rundunar SS mai kula da sansanonin kisa, inda aka baje hotunan jami'an da sunayensu da muƙamansu, da yadda da yawansu suka koma aiki bayan yaƙi ba a taɓa su ba. Ku dubi yadda aka yi da shi. Mai zanen gine-gine Peter Zumthor ya ci gasar zanensa a 1993, aikin ya tsaya saboda kuɗi, a 2004 aka rushe abin da aka fara, sai a 2010 aka buɗe ginin dindindin, shekara 5 bayan ginshiƙan. An fi gaggawar gina wurin da Bajamushe zai tsaya ya ji tausayi a kan wurin da zai iya cin karo da hoton kakansa.

Malama:

Barista, jinkirin ginin gaskiya ne, amma jerin bai tsaya yadda ka tsara shi ba. An buɗe baje kolin farko a harabar Gestapo tun 1987, shekara guda kafin Rosh da Jäckel su taso da tasu maganar, kuma mutanen gari ne suka fara tono wurin da shebur a 1985 domin hukuma ta ƙi kulawa. Gidan Wannsee ya zama wurin tarihi a 1992, layin dogo na 17 a tashar Grunewald, inda aka rubuta ranakun jiragen da suka kwashe Yahudawan Balin da adadin mutanen da kowanne ya ɗauka, an buɗe shi a 1998. Masu tsara dandalin sun san waɗannan wurare suna nan, kuma ɗaki na ƙarshe a cibiyar ƙarƙashin ƙasa yana nuna wa mai ziyara wuraren da aka yi kisan a faɗin Turai. Inda kake da hujja shi ne tsakanin ginshiƙan da harabar Gestapo tafiyar kusan kwata ɗin awa ce a ƙafa, kuma babu abin da ke jikin filin da zai sa baƙo ya yi wannan tafiyar.